Turakun Filin Golf: Wa Ke Kafa Su, Kuma Da Wane Ma'auni?



Tun bayan gasar sada zumunci da wasu 'yan ƙungiyarmu mazauna Kaduna, Jos da Abuja suka buga a wani filin golf, gardama ba ta lafa ba a zaurenmu na WhatsApp. Masu ƙorafi sun ce rukunin da ya fita da sassafe ya tarar da alamomin farawa can baya a ramuka uku, amma kafin rukunin manyan baƙi ya iso da hantsi, an matso da su gaba. Ɗaya ɓangaren kuma sun ce ai girmamawa ce, dattawa ne, taku goma ko sha biyar ba za su hana mai rabo cin rabonsa ba. An bukaci in ce wani abu, to ga nawa ra'ayin, ba da yawun shugabanni ba. Ba zan kama sunan fili ba, ba zan kama sunan kowa ba. Abin da na tsaya a kai shi ne: matsar da alamomin nan bayan an fara gasa ba girmamawa ba ce, tauye mudu ne, ko da wanda ya yi bai yi da mugun nufi ba.

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi a Kafanchan, Zonkwa, Kagoro ko Kwoi ba su taɓa riƙe sandar golf ba, wasu ma za su ce wannan rigimar masu ƙoshi ce. Ku ɗan yi haƙuri da ni, domin akwai 'ya'yanmu da abincinsu ke cikin filayen nan, zan zo kansu.

Wasan da gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu yana da ramuka 18. A kowane rami ɗan wasa na farawa daga wani ɗan dandamali, ya yi ta bugun ƙwallo har ta faɗa rami, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A kan dandamalin akwai alamomi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ni turaku nake kiransu, don aikinsu ɗaya da turken akuya: su ke faɗa maka inda iyakarka take. Dokar wasan, wadda hukumar R&A ta St Andrews a Sikotilan da hukumar USGA ta Amurka suke fitarwa tare, ta ce wurin farawa murabba'i ne: layin gaba shi ne wanda ya haɗa goshin turakun biyu, zurfinsa kuma tsawon sanda biyu zuwa baya, ana aunawa da sanda mafi tsawo a jakar mutum ban da sandar jefa ƙwallo a rami. Ɗan wasa na iya tsayawa a waje, amma dole ƙwallon ta kasance a ciki. Wanda ya buga daga waje a gasar ƙirga bugu, an ci shi tarar bugu biyu, kuma sai ya dawo ya sake daga ciki. Idan ya wuce bai gyara ba, an kore shi daga gasar. Haka in ya tuge turke kafin ya buga don ya samu sauƙi, tara ce.

To ku duba. Dokar da za ta kori mutum daga gasa saboda ya ajiye ƙwallo taƙi ɗaya gaban layi, ita ce za mu ce ba ta damu ba idan an ɗauke layin gaba ɗaya an kai shi taku sha biyar gaba? Kundin da hukumomin biyu suka rubuta wa kwamitocin gasa ya fito fili: a gasar ƙirga bugu, duk masu buga zagaye ɗaya su tarar da turaku da ramuka a wuri ɗaya. Dalili ba boyayye ba ne. A irin wannan gasa ba da mutanen da ke rukuninka kaɗai kake kara ba, da kowa kake karawa, har wanda ya fita awa huɗu kafin kai, wanda ba ka gan shi ba bai gan ka ba. Abin da ya haɗa ku shi ne amanar cewa fili ɗaya kuka taka. Idan turke ya motsa, kun buga filaye biyu daban, sai aka haɗa sakamakonku a takarda ɗaya.

Mu da muka taso da kallon ƙwallon ƙafa a filin wasa na Kafanchan mun san wannan ba tare da an koya mana ba. Ɗigon fenariti mita 11 ne daga raga. Ku ƙaddara alƙalin wasa ya ce tunda mai bugun nan babba ne a gari, a kawo masa ɗigon mita 9. Ko 'yan ƙungiyar da aka yi wa alfarmar ba za su iya ɗaga kai su yi murnar cin ba. Haka a kasuwa: mai sayen citta a Kachia ko Kwoi da ya zo da buhu iri biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, duk mun san sunan da ake kiransa da shi. Bambancin golf kawai shi ne babu alƙali a gefen kowane rukuni, kuma turakun ba a kafe suke da siminti ba. Da gangan aka bar su a sake, domin in aka bar su wuri ɗaya ciyawar wurin ta mutu, dole ma'aikacin fili ya riƙa zagayawa da su. Wannan sassaucin da aka yi don lafiyar ƙasa shi ne ƙofar da son kai ke bi ya shigo.

Masu cewa taku sha biyar ba komai ba ne, mu yi lissafi. Tun 2020 duniya ta koma tsarin rangwame guda ɗaya, wanda 'yan wasa ke kira handikaf. Shi ne ke ba mai rauni damar karawa da gwani: ana cire masa wasu bugu daga jimillarsa gwargwadon ƙarfinsa. Amma tsarin bai tsaya a kan ɗan wasa kaɗai ba, ya tsaya a kan fili. Ana auna kowane fili daga kowane jerin turaku, a ba shi lambobi biyu. Ta farko ita ce yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi. Ta biyu kuma tana nuna yadda filin ke ƙara wa mai rauni wahala fiye da gwani, tana kamawa daga 55 zuwa 155, matsakaiciyar ita ce 113. Kuma a cikin awon nan tsawo shi ne uban tafiya: a lissafin masu auna fili, kusan kowane yadi 220 bugu ɗaya ne cur ga gwanin maza, ga mai rauni kuwa yadi 160 ya isa. Saboda haka dokokin rangwamen suka ce kada turke ya yi nisa da alamar awo ta dindindin fiye da yadi 10 gaba ko baya, kuma kada jimillar filin ta ragu ko ta ƙaru fiye da yadi 100 daga yadda aka auna ta.

Idan ma'aikaci ya matso da kowane turke yadi 15 a duk ramuka 18, ya yanke yadi 270. Ya fi bugu ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama wajen raba kyaututtuka ya san sau nawa bugu ɗaya ke raba na ɗaya da na uku. Kuma wannan lissafin tsawo ne zalla. A wani ramin yadi 15 shi ne bambancin wanda ƙwallonsa ta tsallake rafi da wanda tasa ta nutse, shi ne bambancin ganin tuta da samun bishiyar mangwaro a tsaye a gabanka. A nan ba bugu ɗaya ake magana ba, biyu ne ko uku a rami guda. Saboda haka ko ramuka uku aka taɓa, in an san waɗanda za a taɓa, an gama da gasar.

Yanzu in juyo kan dattawanmu, domin hujjar masu kare su tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban yarda a watsar da ita ba. Alhaji mai shekara saba'in ba zai kai ƙwallo inda ɗan shekara ashirin da biyar ke kaiwa ba. Hajiyar da ta fara wasan bayan ta yi ritaya ba za ta ji daɗin ranar ba idan duk rami sai ta yi bugu uku kafin ta isa inda wasu suka isa da ɗaya. Tilasta musu farawa daga turakun baya ba adalci ba ne, wahalarwa ce, kuma yana jawo jinkiri ga duk rukunin da ke biye. Wasan da kansa ya san haka. Shi ya sa filaye ke da jerin turaku launi-launi, na baya, na tsakiya, na gaba. A 2011 hukumar USGA da ƙungiyar ƙwararrun Amurka ta PGA har kamfe suka yi na roƙon mutane su daina girman kai su matsa turakun gaba, saboda sun ga mafi yawan 'yan wasa suna buga fili da ya fi ƙarfinsu.

Amma ku lura da yadda ake yin sa. Wanda ya zaɓi turakun gaba yana faɗa tun kafin a fara, a rubuta, sannan a rage masa rangwame daidai da sauƙin da ya samu. Ga misali na ƙaddarawa. Mutum mai rangwame 20 a filin da ƙa'idar bugunsa 72 ce: daga turakun baya, in lambar wahala 125 ce kuma awon gwani 72, zai samu bugu 22. Daga turakun gaba, in lambar ta sauko 113 kuma awon gwani 69, bugu 17 zai samu. Ya sayi sauƙin tafiya da bugu biyar, kowa ya gani, babu mai gunaguni. Abin da aka yi a tamu gasar, in zargin ya tabbata, shi ne a ba mutum sauƙin ba tare da ya biya ba, kuma a boye. Ni a ganina wannan ma rage wa dattijo daraja ne. An mayar da shi kamar yaron da ake bari ya ci wasa don kada ya yi kuka, alhali da an tambaye shi ƙila ya ce a bar turke inda yake. Yawancin irin wannan alfarma ba manyan ke neman ta ba, 'yan neman gindin zama ne ke kai musu.

Na ce zan zo kan 'ya'yanmu. Golf ya daɗe a wannan yanki fiye da yadda muke zato. Turawan haƙar kuza suka kafa filin Rayfield a Jos a 1913, na Kaduna ya biyo baya a 1921, kafin ma layin dogo ya mayar da Kafanchan mahaɗa a 1927. Tun wancan zamani har yau, Bature ne ko babban soja ko babban ma'aikaci ke bugawa, amma yaran talakawa ke ɗaukar jaka, su ke share yashi, su ke yanke ciyawa, su ke kafa turaku da asuba. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Yaro ya yi shekaru yana kallon yadda oga ke bugu, ya samu tsohuwar sanda ɗaya, ya riƙa gwadawa da yamma bayan an watse. Ranar da aka ba shi dama ya shiga gasa, kuɗin kyautar nan ba abin ado ba ne a wurinsa, kuɗin makaranta ne ko na haya. Shi ne ake fitarwa da sassafe ko da tsakar rana, lokacin da manya ba sa so. Shi ne ba shi da bakin da zai ce an matsar da turke. Kuma idan lambar rangwamensa ta fito daga filin da aka gajarta, zai ɗauka ya fi yadda yake, ya ci bashin kuɗin mota ya tafi gasa a filin IBB na Abuja, can fili mai cikakken awo ya nuna masa gaskiya a gaban jama'a.

Shi ma ma'aikacin da ya ɗauke turken, kada mu sauke masa kwandon laifin duka. Mutum ne mai ƙaramin albashi, wani mai babbar riga ya kira shi gefe ya ce, "Kai yaro, matso da na rami na bakwai, ranka ya daɗe na tafe." Me zai ce? Idan babu takarda a hannunsa da kwamiti ya sa wa hannu, ba shi da garkuwa. Idan akwai, sai ya durƙusa ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, ga abin da kwamiti ya rubuta." Rubutun ba don kama ɓarawo kaɗai ake yin sa ba, don a ba mai gaskiya abin jingina ne.

Kada kuma mu ɗauka rashin adalcin shirya fili sai an yi da niyya. Manyan duniya ma sun sha kunya a kai. A gasar US Open ta 2004 a filin Shinnecock Hills na jihar New York, an bar shimfiɗar rami na bakwai ta bushe har ƙwallo ba ta iya tsayawa, sai da aka dakatar da wasa a ranar ƙarshe aka riƙa yayyafa ruwa tsakanin rukuni da rukuni. Wanda ya iso bayan yayyafi ya samu wani rami, wanda ya iso bayan ya sake bushewa ya samu wani. A ranar babu ko mutum ɗaya da ya buga ƙasa da ƙa'ida. Da gasar ta koma filin a 2018, ranar Asabar iska da rana suka sake busar da shi: Daniel Berger da Tony Finau da suka fita da wuri suka buga 66 kowannensu, suka taso daga can baya suka kamo na gaba, shi kuwa Dustin Johnson da ke jagoranci ya fita da yamma ya buga 77. A ranar ce Phil Mickelson ya bi ƙwallonsa da gudu a rami na 13 ya buge ta tana cikin gangarawa. Hukumar USGA da bakinta ta amsa cewa shirin filin ya wuce gona da iri. Su yanayi ne ya ci amanarsu, ba wanda ya ɗauke turke, amma duk da haka suka fito suka amsa. Mu da hannun mutum ne ya yi, wane uzuri ke gare mu?

Kuma namu yanayin ya fi nasu canzawa. Filin da ka buga a watan Agusta, ƙasa a jiƙe, ƙwallo na faɗuwa ta tsaya inda ta faɗi, ba shi ne za ka tarar a Janairu ba, lokacin da hunturu ya mayar da ƙasa kamar daɓe, ƙwallo ta yi ta birgima kamar ba za ta tsaya ba. A tsaunin Jos iska ba ta da nauyi, ƙwallo ta fi tafiya nesa fiye da Kaduna. Mai hankali yakan duba duk wannan kafin ya kafa turke: da damina ya ɗan matso, da rani ya ɗan ja baya, ramin da ke fuskantar iska kada a kai shi ƙurya. Wannan ƙwarewa ce, ba magudi ba, muddin an yi ta kafin ƙwallon farko ta tashi kuma kowa ya same ta. Akwai ma tsohuwar al'adar masu shirya fili ta raba ramukan uku: shida masu wuya, shida matsakaita, shida masu sauƙi, don jimillar ta dawo kan awo. Sannan turakun su kasance taku biyar zuwa bakwai tsakaninsu, su fuskanci tsakiyar hanya sosai, ba su karkata su nufi daji ba, a bar tsawon sanda biyu na ƙasa mai kyau a bayansu, kuma a duba cewa bahago ma ya samu wurin tsayawa a miƙe. Wannan na ƙarshen kusan kullum ana mantawa da shi.

A filayen da har yanzu ake amfani da yashi mai haɗin mai a maimakon ciyawa a kewayen rami, wanda 'yan wasa ke kira burawun, akwai wani turken da ba a gani: hannun mai share yashi. Yadda ya ja abin sharar daga ƙwallo zuwa rami na iya buɗe wa mutum hanya santsi ko ya bar masa tudu. Wanda aka san yana da sakin hannu, an san irin sharar da yake samu. Ba na cewa a daina yi wa yaran nan alheri, Allah ya kiyaye, amma a ranar gasa ƙungiya ta biya su daga asusu, daidai wa daida, a kuma gaya musu shara iri ɗaya ce ga kowa.

Wasu sun rubuto mini cewa tayar da wannan magana zai ɓata zumunci, gasa ce ta 'yan uwa, ba ta kuɗi ba. Ni kuwa na ga zumuncin ne ya fara tsami tun da aka yi shiru. Matasa biyu sun riga sun ce ba za su sake biyan kuɗin shiga ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu mutanen kudancin Kaduna mun san abin da zargin an fifita wani ke haifarwa idan aka bar shi yana ruruwa a ƙarƙashin toka, mun gani a abubuwan da suka fi golf girma nesa ba kusa ba. Ƙungiyar da ke tara kuɗin tallafin karatu, take raba taki da kayan azumi, jarinta shi ne mutane su yarda cewa awonta ɗaya ne. Wanda ya ga an matsar da turke saboda babban baƙo, gobe in ɗansa bai fito a jerin tallafi ba, me kuke so ya zata?

Shawarar da zan kai gaban taro mai zuwa ba ta da tsada. A naɗa mutum uku su zama kwamitin fili, ɗaya daga cikinsu wanda ba zai buga a ranar ba. Su zagaya da shugaban ma'aikatan filin da yammacin jajibiri, su tsayar da wurin kowane turke, su ɗiga fenti a ƙasa gindinsa don in wani ya tuge a san inda za a mayar, su ɗauki hoto da waya su tura zaure kafin rukunin farko ya fita. Duk mai son turakun gaba, dattijo ne, mace ce, ko sabon shiga, ya faɗa wajen rajista, a lissafa masa rangwamensa daga katin filin, a manna a allo kowa ya karanta. Jerin fita kuma a yi shi da ƙuri'a, in ban da wanda rashin lafiya ta sa dole ya guji rana. Game da gasar da ta wuce, ban ga amfanin karɓe kofi daga hannun kowa ba, tunda ba mu da hoton da zai raba gardama. Amma zan nemi a ware wani abu daga asusu a sake shirya zagaye ɗaya na matasa da masu ɗaukar jaka, a kan turakun da aka auna aka rubuta. Mai goyon baya ko mai ja da wannan ya turo mini sunansa kafin ranar taro don in sa shi cikin ajanda.